Finland ta taɓa lashe gasar bandy ta duniya?

Ka tambaya ko ƙungiyar maza ta Finland ta taɓa ɗaukar kofin duniya na bandy, wato wasan ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara. E, ta ɗauka sau ɗaya, a shekarar 2004, lokacin da ta doke Sweden da ci 5 da 4 bayan ƙarin lokaci a birnin Västerås da ke ƙasar Sweden.

A bibiyar da nake yi wa wasan, abin da ya ƙara wa nasarar daraja shi ne, tun da aka fara gasar a Helsinki a 1957, Tarayyar Sobiyet ta lashe 11 na farko a jere, kuma daga 1981 kofin bai fita daga hannun Sweden da Sobiyet ko Rasha ba sai a wannan karon.