Amsa kan makomar lauya mai shari'o'in ƙwadago

Barista, ka ce ka shekara shida a ofishin lauyoyi kana gudanar da shari'o'in ma'aikata da iyayen gidansu, kuma kana tambaya ko fannin yana da gaba, ko gara ka koma sashen shari'a na wani kamfani. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar barin kotu a wannan mataki.

Lokacin da muka fara aiki, ba a ɗauki wannan fanni da muhimmanci ba, domin ma'aikacin kamfanin da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba yawanci ba ya samun abin da ya wuce albashin wa'adin sanarwa. Gyaran tsarin mulkin Najeriya na uku na shekarar 2010 ne ya sauya lamarin, inda sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron waɗannan ƙararraki ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba rashin adalci a wurin aiki da mizanin ƙasashen duniya. Yau wasiƙar nan mai layi biyu da ke cewa ba a buƙatar aikinka kuma, ba tare da faɗin dalili ba, tana iya jawo wa banki ko kamfani diyya mai nauyi. Sannan hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a shari'ar Skye Bank da Iwu ya tabbatar da cewa ana iya ɗaukaka ƙara daga Kotun Ma'aikata zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma a nan ne lauya mai iya rubuta hujja yake yin suna.

Abin da zan so ka dage a kai shi ne ka daina zama mai ɗaukar wa babban lauya fayil kawai. Nemi a bar maka shari'a tun daga tattara takardar ɗaukar aiki, da littafin ƙa'idojin ma'aikata, da takardar neman bahasi da amsarta, har zuwa yi wa jami'in kula da ma'aikata tambayoyin ƙure a gaban alƙali. Na ga shari'o'i da dama da suka tsaya a kan tambaya ɗaya tak: shin an ba mutumin damar kare kansa kafin a kore shi?

Shekara huɗu ta rage maka ka cika goma, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema kafin neman muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, ko alƙalancin Kotun Ma'aikata, kuma duka biyun suna duba shari'o'in da ka tsaya a kansu da kanka. Aikin kamfani yana da albashi tabbatacce, ban raina shi ba, musamman ga mai iyali, amma ƙofarsa ba ta rufewa, kuma sun fi daraja wanda ya goge a kotu. Kafin ka yanke shawara, zauna da mai ofishinku ka tambaye shi kai tsaye ko akwai hanyar zama abokin tarayya a mallakar ofishin, da kason da za ka riƙa samu idan kai ka kawo aiki.