Darasin motsa jiki ko ilimin kiwon lafiya?

Maman Abba, kin ce yaronki ya shiga aji huɗu na sakandare, yana ruwan ido tsakanin darasin motsa jiki da ilimin kiwon lafiya. Duka biyun ana rubuta su a WAEC.

Ni dai tunda kin ce ƙiba ta fara kama shi, ya ɗauki na motsa jikin. Ba buga ƙwallo kaɗai ba ne. Ana koyar da aikin tsoka, ƙashi da numfashi, har da taimakon gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekarunsa na buƙatar minti 60 kullum yana motsa jiki, wanda darasin makaranta ba zai cike ba. Ranar Asabar ki tura shi filin Murtala Square da ke Kaduna ya yi gudu da sassafe, amma in yana da asma, a kiyaye ƙurar hunturu.