Likita Na Amsa Muku: Kaska a Jikin Kare

Tambaya: Likita, karena ba ya rabo da shiga ciyawa. Yaushe zan riƙa duba shi, kuma a ina kaska ke ɓuya?

Amsa: Duk ranar da ya fita, Malam, da zarar ya dawo. Ka bi jikinsa da yatsu kana shafa gashin baibai. Ka fi mai da hankali ga cikin kunne, tsakanin yatsun ƙafa, hammata, matsematsi, ƙarƙashin wutsiya da inda igiyar wuya ke kwanciya. Wadda ba ta sha jini ba ƙarama ce ƙwarai, yatsa ya fi ido saurin gano ta.

Tambaya: Kaskar kare tana kama mutum?

Amsa: Tana kamawa. Wanda ya raka kare ya duba nasa jikin, yara kuma a duba musu kai da bayan kunne.

Tambaya: Likita, ni ina ɗiga mata kananzir ko in ɗora mata ashana har ta saki, sannan in murƙushe ta da farce. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, Malama, babba ma kuwa, kuma na gaji da jin wannan dabara. Kaska ba cizo take yi ta wuce kamar sauro ba. Bakinta take kafawa cikin fata ta yi kwanaki tana zuƙar jini, ƙwayoyin cuta kuma ta yawunta suke shiga. Idan kika ƙona ta ko kika jiƙa ta da kananzir, tana iya tofo abin da ke cikinta a ramin cizon, kin ga abin da ake gudu ke nan. Ga ƙunar fata, ga kare zai lashe kananzir ɗin. Kananzir da wuta a jikin dabba mai gashi kuwa, ai ba sai na faɗa ba.

Murƙushewa da farce ta fi tayar mini da hankali. Wasu nau'o'in kaska na ɗauke da zazzaɓin zubar jini na Kirimiya-Kwango, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe har kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Jinin kaska a ɗan yankan da ke yatsa ya isa.

Ki sami matsefata mai siririn baki, ki kama kaskar daf da fata, ki ja sama a hankali ba murɗawa ba fizga. Ki jefa ta cikin sifirit, ki wanke wurin da hannuwanki da sabulu. Saurin cirewa na da amfani: cutar Laim, misali, yawanci sai kaska ta fi awa 24 a maƙale kafin ta shiga.

Bayan nan ki sa ido na mako uku. Idan karen ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu ko ya yi haɓo, a kai shi wurin likitan dabbobi. Idan ke ce kika ji zazzaɓi, ciwon kai ko kika ga ƙuraje, ki tafi asibiti a ranar, ki kuma gaya musu kin taɓa kaska. Kada ki zauna kina cewa maleriya ce.

Tambaya: Na ciro ta, bakin ya karye a ciki.

Amsa: Kada ka tone da allura. Wanke wurin, fata kan fitar da shi da kanta. In ya kumbura ko ya yi mugunya, sai likitan dabbobi.

Tambaya: Zan iya yi masa wanka da maganin feshin gona ko na shanu?

Amsa: Haba Malam! Guba ce, an sha kashe kare a kan kaska ta wannan hanya. Likitan dabbobi zai ba ka wanda aka yi don kare, gwargwadon nauyinsa. In kana da kyanwa ka faɗa masa, domin maganin kare mai sinadarin famitirin yana kashe kyanwa. In kuwa ka riga ka fesa, karen yana dalalar da yawu ko karkarwa, ka ɗauke shi yanzu ku tafi.