Filin Tambaya: Yadda Excel Zai Riƙa Fitar da Giredin Ɗalibai da Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni malama ce a wata sakandare a Funtuwa, duk ƙarshen zango sai na zauna ina bin makin yara ɗaya bayan ɗaya ina rubuta A1, B2, C4 da hannu har ido ya gaji. Ƙanena ya haɗa min wata doguwar fomula ta IF amma duk yaron da ya haura 40 sai ta ba shi E8, har wanda ya ci 90 fa. Dan Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama da yara. Ko ban ga fomular ba na san inda ƙanen naki ya kuskure, daga ƙasa ya faro. Ita IF da zarar ta samu sharaɗin farko ya cika shi ke nan ta tsaya ba ta ƙara duba na gaba, to in ya fara da "in ya kai 40 a ba shi E8" ai mai 90 ma ya kai 40 ɗin. Da ya faro daga 75 yana saukowa da ta yi daidai.

Amma ni shawarata ki ajiye IF ɗin nan gaba ɗaya, giredi tara a fomula ɗaya wahala ce kawai, baka ɗaya ta ɓace sai ki wuni kina nema. Ki yi ɗan tebur a gefe, a ce daga H2 zuwa I10. A layin H ki jera mafi ƙarancin makin kowane giredi daga ƙarami zuwa babba: 0, 40, 45, 50, 55, 60, 65, 70, 75. A layin I kuma daura da kowanne ki sa F9, E8, D7, C6, C5, C4, B3, B2, A1, wato irin tsarin WAEC da yawancin makarantunmu ke bi. In makin yaron farko yana C2 sai ki rubuta:

=VLOOKUP(C2,$H$2:$I$10,2,TRUE)

ki ja ta ƙasa har kan na ƙarshe. Wannan TRUE ɗin shi ne kan aikin, yana sa Excel ya yi ta hawa teburin kamar matakala har ya tsaya a lambar ƙarshe da ba ta wuce makin ba. Yaro ya ci 63, zai taka 60, ya ga 65 ta fi ƙarfinsa, sai ya ɗauko C4. Shi ya sa jerin dole ya tashi daga ƙarami, in kika juya shi A1 a sama don ya fi kyan gani zai yi ta ba ki amsar banza kuma wani lokacin ba zai ma nuna akwai kuskure ba, wannan shi ne abin tsoron. Alamar dala ɗin kuma kar ki cire, ita ke riƙe teburin kar ya zame in kina ja.

Sai wani abu da ke haddasa rigima da iyaye, yaro mai 74.6 B2 zai samu don bai kai 75 ba. In makarantarku tana cikawa ne ki sa ROUND(C2,0) a madadin C2, amma ki tambayi mai kula da jarabawa tukuna kar kowane aji ya yi nasa. Wanda bai zauna jarabawar ba kuma aka bar gurbinsa ba komai, Excel zai ɗauka sifili ne ya maka masa F9, sai ki fara da IF(C2="","", sannan VLOOKUP ɗin ki rufe baka.

Za ki ji wasu na cewa IFS ko XLOOKUP sun fi, eh suna da daɗi, sai dai IFS daga Excel 2019 ta fara, XLOOKUP kuma 2021, kwamfutocin ofisoshin makarantu kuwa da yawa tsofaffi ne. VLOOKUP tana aiki a dukkansu har Google Sheets da WPS na waya. 'Yan uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci su nemi RECHERCHEV, TRUE ta koma VRAI, waƙafin kuma ya zama mai ɗigo a sama.