Jita da makirufo a kwamfutar gida: me ya sa sautin ke fitowa a shaƙe?

Tambaya: Malam, ina kaɗa jita mai lantarki, ina kuma rera waƙa. Na jona jitar kai tsaye a ramin makirufo na kwamfutar tafi-da-gidanka, amma sautin yana fitowa a shaƙe, ga ƙugi a ƙarƙashinsa, kuma in na taɓa tsirkiya sai daga baya nake jin ta. Yanzu ina shirin sayen makirufo mai USB don in ɗauki murya da jita lokaci guda. Hakan zai magance matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da sayen makirufon nan tukuna. Jitarka lafiyarta ƙalau, haka ma kwamfutar. Ƙofar da ka shigar da sautin ce ba tasa ba.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke mayar da girgizar tsirkiya ta zama ɗan lantarki. Lantarkin nan ba shi da ƙarfi, yana buƙatar mashiga mai turjiyar lantarki ta kusan om miliyan 1 (om shi ne ma'aunin turjiyar), irin wadda ke jikin amfilifayar jita. Shi kuwa ramin kwamfuta don makirufon kiran waya aka yi shi, turjiyarsa ba ta wuce om dubu kaɗan ba. Da ka jona jita a nan, sai ya danne ta, kaifin sautin ya tafi, ka saura da wannan shaƙewar da kake ji.

Abin da ya kamata ka saya shi ne intafes, ɗan akwatin sauti da ake haɗawa da kwamfuta ta USB. Nemi mai mashiga biyu, irin Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD. Jita ta shiga ɗaya, ka danna maɓallin da aka rubuta wa INST, makirufo kuma ya shiga ɗayar da waya mai haƙora uku, wato XLR. A manhajar ɗauka, ko Reaper ko GarageBand, ka ba kowanne layinsa daban, yadda za ka iya gyara murya ba ka taɓa jita ba. Ga dalilin da ya sa na hana ka makirufo mai USB: shi kansa intafes ne mai agogonsa, kuma direban ASIO, manhajar da ke haɗa na'urar sauti da kwamfuta a Windows, na'ura ɗaya yake riƙewa a lokaci guda. In ka tilasta wa makirufon da intafes ɗin jitar tafiya tare, agogon biyu za su iya sāɓawa a doguwar ɗauka, murya ta zame wa jita.

Makirufo kuwa, ɗakinka ne zai zaɓa maka. Makirufo nau'in kwandensa yana jin komai, har da fanka da amsa-kuwwar bango, kuma sai ka kunna masa maɓallin 48V na jikin intafes, mai ba shi wuta. A ɗakin da ba a shirya don sauti ba, na fi son nau'in dainamik irin Shure SM58, a rera kusa da shi. Ba ya buƙatar wannan wutar.

Jinkirin da kake ji yana zuwa ne daga tara sauti da kwamfuta ke yi kafin ta sarrafa shi. Shigar da direban kamfanin intafes ɗinka, ka sa ma'ajiyar da ake tara sautin, wato buffer, a samfur 128. A kan kilohaz 48 wannan daidai yake da milisakan 2.7, shiga da fita kuma sau da yawa ba ya haura milisakan 10. Wannan kamar tsayuwa ce mita 3 daga lasifika, hannu ba ya damuwa da shi. In sautin ya soma tsattsagewa, ɗaga zuwa 256. Don murya, kunna maɓallin saurare kai tsaye na jikin akwatin, ka sa abin ji a kunne, kada lasifika ta koma cikin makirufo.

Wurin da na fi ganin ana ɓata aiki mai kyau shi ne ƙarfin shiga. Ɗauka a bit 24, ka kaɗa da iyakar ƙarfin da za ka yi a waƙar, ka rage maɓallin ƙarfin shiga na intafes har ƙololuwar sautin ta tsaya wajen -12 dB. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya, amma wanda ya kai 0 ya fashe, ba manhajar da za ta mayar da shi yadda yake.

Kada ka karaya in ka ji jitar ta fito a bushe. Rabin muryarta daga amfilifaya da lasifikarta yake zuwa, don lasifikar jita tana yanke abin da ya haura kilohaz 5 ko kusa da haka. Ɗora manhajar da ke kwaikwayon su, kamar AmpliTube ko Neural Amp Modeler na kyauta, ka tabbata sashen lasifikar a kunne yake, in ba haka ba sautin zai riƙa sukar kunne.

In ƙugin bai tafi ba, cire cajar kwamfutar ka saurara. In ya ɗauke, yi ɗaukarka a kan batir. In yana nan, matsa nesa da allon, ka juya a hankali da jitar a hannu har ka sami gefen da ya fi raguwa, ka zauna a haka ka kaɗa.