Na'urar Gano Iskar Guba a Ɗakunan Otal

Tambaya: Ina cikin masu tsara ginin wani otal da muke nema wa shaidar LEED ta gine-gine masu kula da muhalli. Babu murhun gas a ɗakunan baƙi. Shin wajibi ne mu sa na'urar gano iskar kabon monoksayid a kowane ɗaki?

Amsa: Malam, tsarin LEED na Majalisar Gine-gine Masu Kula da Muhalli ta Amurka, a bugunsa na 4, ya shardanta a sa wannan na'ura a kowane hawa na kowane mazauni, amma sharaɗin yana cikin sashen gidajen zama ne. Saboda haka masaukin da baƙo ke daɗewa a cikinsa, mai kicin da banɗaki, ya fi kusa da shiga wannan hukunci fiye da ɗakin kwana ɗaya ko biyu. Tun kafin a kammala zane, ku nemi hukuncin GBCI, hukumar da ke tantance takardun, a rubuce. Kada kuma a rikita wannan na'ura da mai auna kabon dayoksayid, wadda aikinta duba wadatar iska a wurin taro.

Sai dai shaidar ba ta ɗauke muku dokar gini ta inda kuke ba. Ƙa'idar kashe gobara ta IFC, wadda jihohin Amurka da dama ke bi, tana neman na'urar a ɗakin kwana idan akwai abin da ke ƙona mai a ciki, ko injin ɗumama ɗaki mai ƙona mai yana hura masa iska, ko kuma garejin mota yana manne da ginin.

A nan ne nake ganin hujjarku ta rashin murhu ba ta wadatar ba. A shekarar 2013, a garin Boone na jihar Karolina ta Arewa, mutum 3 sun rasu a ɗaki guda na wani otal, biyu a watan Afrilu, yaro ɗaya a watan Yuni, alhali ba a cikin ɗakin gubar ta taso ba: bututun hayaƙin injin ɗumama ruwan wurin iyo ne ya lalace a ƙarƙashinsu. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kama sinadarin jini mai ɗaukar iskar shaƙa fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da jiri ya fita waje. Mai barci kuwa ba shi da wannan dama.

Shawarata ita ce ku sa na'urar a ɗakin injuna, da kowane ɗakin kwana da ke sama da shi ko gefensa ko kan hanyar bututun hayaƙi, ku kuma haɗa su da allon ƙararrawa na wurin karɓar baƙi domin ma'aikacin dare ya sani nan take. Ku zaɓi mai cika ma'aunin UL 2034 na gwajin ingancin irin wannan na'ura, wadda dole ta yi ƙara cikin minti 4 zuwa 15 idan gubar ta kai kashi 400 cikin miliyan. Na'urar tana tsufa, yawanci cikin shekara 5 zuwa 10, don haka a rubuta ranar sauya kowacce a kundin gyare-gyaren otal ɗin.