Amsa ga Amarya kan awara da taliya irin ta 'yan Sin

(Muryar da wata 'yar uwa ta turo daga Bauchi, an rubuta ta saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma, ya gida, ya yara? Amarya, na ji tambayarki tun da hantsi, aiki ne ya sha kaina. Kin ce kin ga bidiyon 'yan Sin suna haɗa awara da taliya cikin wata baƙar miya mai sheƙi, kin gwada da Indomie, awarar ta farfashe, taliyar ta caɓe, gishiri kuma ya yi yawa. Shi ne kike tambaya ko dole sai kin sayi kwalaben nan masu tsada na kanti. A'a ƙanwata. Kwalba ɗaya ta ishe ki, soya sos, baƙin ruwan nan na waken suya mai gishiri. Sauran duk suna nan a kasuwannin Muda Lawal da Wunti.

Abin da suke kira tofu ai awararmu ce, can ƙasar Sin aka fara yin ta tun zamanin da. Tasu kala-kala ce, har da mai laushi kamar kindirmo. Tamu mai ƙarfi ce, ita ta fi dacewa da suya. Ki je wurin mai awarar unguwarku ki ce ta sayar miki da ɗanya, wadda ba ta shiga mai ba. Ki naɗe ta a tsumma mai tsabta, ki ɗora tukunya cike da ruwa a kai kamar minti 20. Ruwan da zai fita zai ba ki mamaki, kuma shi ne ya wargaza miki taki. Ki yanka ƙanana, ki barbaɗa kwanfulawa, wato farin garin sitacin masara, kaɗan. Mai cokali 3 kawai, amma ya yi zafi sosai. Idan kin jera su a kasko, don Allah ki cire hannunki. Minti 3 kar ki taɓa, sai ƙasan ya yi ja ya saki kaskon da kansa, sannan ki juya. Yawan juyawar nan ke kashe awara.

To miyar fa. Kin ga abu huɗu suke daidaitawa: gishiri, zaƙi, tsami, yaji. Soya sos babban cokali 3, ita ce gishirin. Mazarƙwaila cokali 1, ki daka ta. Na fi son ta a kan farin sukari, saboda 'yan Indonesiya suna da wata soya sos mai kauri da zaƙi, kecap manis, da sukarin ruwan bishiyar kwakwa da danginta ake yin ta, kuma mazarƙwaila ce ta fi kusa da wannan ɗanɗanon. Ruwan tsamiya mai kauri cokali 1, kar ki ga kamar ƙauyanci ne, 'yan Tailan ma da tsamiya suke haɗa shahararriyar taliyarsu. Sai ɗanyar citta, tafarnuwa da attaruhu, ki jajjaga. Ruwa rabin kofi, kwanfulawa ƙaramin cokali, shi ke kawo sheƙin da kika gani. Ki dama duka a kofi ɗaya ki ajiye.

Wadda ba ta samu soya sos ba, ta jiƙa daddawa a ruwan zafi ta tace, ta sa ɗan gishiri. Ba za su zama ɗaya ba, amma dangi ne, ita ma soya sos waken suya ne da alkama da gishiri da aka bari suka tsumu wata da watanni.

Maganar gishiri kuwa, ki saurare ni da kyau. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wajen miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar ya kai 2,000 a yini. Saboda haka ba magi, ba gishiri, garin cikin ledar Indomie ma ki ajiye shi gefe. Musamman gidan da akwai mai hawan jini. Sannan ki riƙa karanta jikin kwalba, ki nemi tambarin halal. In kin ga ana zuba mirin a bidiyo, giyar shinkafa ce, ki bar ta.

Taliyar leda kuma dafaffiya ce tun daga kamfani. Wani ɗan Japan, Momofuku Ando, shi ya ƙirƙiro ta a 1958, turara ta ake yi a soya kafin a ƙulle. Shi ya sa minti 2 a tafasasshen ruwa ya isa. Ki tsane a kwando, ki watsa ruwan sanyi, ki ɗiga mai. Sufageti ma yana yi, haka taliyar murji.

Ki gama yanka komai kafin ki kunna wuta, don girkin ba ya jira. Wuta sosai, kabeji, karas, koren tattasai, minti 2, su fito da sauran ƙarfinsu. Zuba miyar, tana yin kauri ki sa taliya, sannan awara a ƙarshe don kar ta jiƙe. Leda biyu a lokaci guda, in kin cika kasko dahuwa zai yi ba suya ba.

Kin sauke, sai lawashi da soyayyen riɗi. Riɗin nan da ake nomawa a Bauchi da Gombe har Japan da Sin ake kai shi, su matse man su sa a ƙaramar kwalba, mu kuma mun tsaya a kantu da miyar riɗi. Wallahi abin yana damuna. Ki soya riɗinki sama-sama ba mai, ki daka rabi, ki barbaɗa, ƙamshin zai cika gida.

In yara ba sa son yaji, ki cire attaruhu ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali 2 a cikin miyar, nawa ita suka fi so. An kira magariba, bari in tashi. Ki gwada gobe ki turo mana hoto, ina son ganin kalar awarar.